Tsakar Gida ko Gidan Motsa Jiki?

A gidan hayar da muka tashi a Nima akwai wasu gwangwanayen Milo guda biyu da aka cika da siminti, aka haɗa su da guntun bututun ruwa. A bayan ɗakin girki suke, kusa da turmi. Babu yaron gidan da bai taɓa ɗaga su ba, babu kuma wanda ya yi wata biyu cur yana ɗagawa. Mukan fara da zafi bayan ƙaramar salla, mu yi kwana goma, kafaɗa ta yi tsami, sai uzuri ya samu. Daga baya matan gida suka mayar da su abin danne murfin kwano saboda kaji. Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum.

Abin da ya tuna mana da su shi ne gardamar da ta ƙi ƙarewa a wuraren shan shayinmu: motsa jiki a gida ya fi, ko zuwa gidan motsa jiki, wanda samari ke kira jim? Masu son gida sun ce ba kuɗin wata, ba kuɗin mota, tabarma da igiyar tsalle da waya sun wadatar. Masu jim sun ce wanda bai biya kuɗi ba ba ya jin zafin fashi.

Mun gwada duka biyun, kuma gaskiya jim ya fi riƙe mu. Sai dai da muka duba, injin gudu da manyan madubai ba su yi mana wani abin a-zo-a-gani ba. Abin da ke tashin mu daga barci shi ne sanin cewa akwai wanda zai ce, "Jiya ba mu gan ka ba, lafiya?" Duk wanda ya leƙa Bukom ya san haka. Wuraren horon damben can yawancinsu fili ne da igiya da buhun naushi, amma daga wannan yanki Gana ta samu D.K. Poison, wanda ya ci kambun duniya a 1975, da Azumah Nelson a 1984, da Ike Quartey a 1994. Mai horarwa da abokan gumi su ne jarinsu.

To, amma wannan gardama duk ta maza ce, kuma mun daɗe ba mu lura ba.

Kakanninmu fatake sun yi watanni suna taka ƙasa daga Kano zuwa Salaga neman goro, matansu kuwa daka da surfe da ɗibar ruwa sun ishe su motsa jiki. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, okada ya karɓi aikin ƙafa, amma kwanon bai ragu ba. Koko da sukari da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo da dare. Ga hawan jini da ciwon sukari sun shiga lungunanmu, ba gidan da ba a san sunan ƙwayoyinsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, wato rabin awa sau biyar. A baki abu ne mai sauƙi. Amma uwar 'ya'ya shida a zango, ina za ta yi shi?

Jim dai ba nata ba ne. Maza da mata a haɗe, kiɗa na tashi, tufafin wurin ba irin nata ba, ko ta yarda maigida ba zai yarda ba. Gida kuwa, wanda ya ce "ki yi a gida" bai san gidan haya ba. Ɗaki ɗaya ne da gado da akwatuna, tsakar gida kuma ta iyali goma ce. In ta yi tsalle uku da safe, kafin azahar labari ya kai bakin titi.

Muna da wata gwaggo da likita ya ce lallai ta riƙa tafiya kullum. Ta ɗauki maganar da gaske. Bayan sallar asuba sai ta zura hijabi ta nufi filin Kawukudi, ta zagaya ta dawo. Kwana na biyu aka fara tare ta a hanya: "Hajiya, lafiya da sassafe? Rasuwa aka yi?" Kwana na huɗu yara suka sa mata sunan 'yar ƙwallo. Mu ma mun yi dariya, har da tsokana: "Gwaggo, yaushe ne wasan ƙarshe?" Ta yi murmushi, ba ta ce komai ba, amma ba ta cika mako ba ta daina. Bayan shekara biyu ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Kwana na Allah ne, ciwo ma haka, ba mu ce tafiyar za ta hana ba. Amma duk ranar da muka kama hannunta muna koya mata taku daga bakin gado zuwa ƙofa, mukan tuna da waccan dariya, kuma ba ta yi mana daɗi.

Bayan haka ne matan gidan suka zo da shawara, ta bakin babbarsu. Sau uku a mako, in maza sun fita asuba, su dakata a masallaci ko wajen mai koko har rabin awa, a sakaya ƙyauren gida. Wasu mazan sun yi gunaguni, wani ya ce a ina aka taɓa jin an kulle mutum a waje da gidan da yake biyan haya. Aka dai yarda. Ba mu san takamaimai abin da suke yi ba, ba mu kuma tambaya. Daga waje muna jin ƙarar silifa da ƙirga da dariya, wani lokaci da muryar wata 'yar makarantar koyon jinya daga gidan maƙwabta tana gyara musu tsayuwa. Da damina abin yakan yi rauni, da azumi a ɗage shi gaba ɗaya. Da mata huɗu suka fara, yanzu sun kai tara har da na gidan baya, kuma akan fito wa Gwaggo da kujera bakin ƙofarta, ita ce mai ƙirga musu.