Ruwan da Bai Taɓa Sauka Ba

Hausa tana da suna ga kowane irin ruwan sama: yayyafi, da marka, da mamako, har da wanda ake cewa kamar da bakin ƙwarya. Bahaushen da neman abinci ya kai shi Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya, yakan shafe shekara bai buƙaci ko ɗaya daga cikinsu ba, domin matsakaicin ruwan da garin ke samu a shekara bai wuce milimita 10 ba. Sai ya saba, ya daina duban gabas idan hadari ya haɗu.

A watan Satumba na 2024 mamako ya sauka a Sabha, tituna suka zama rafuka, gidaje suka rushe. Haka ya faru a Ghat a watan Yuni na 2019. Ƙasar hamada ba ta da ciyayin da za su tare ruwa, nan da nan yake gangarawa kwari ya bi tsohuwar hanyarsa, ko da an gina gidaje a kanta.

Wannan ne ya sa injiniyan da zai gina madatsar ruwa ko magudana yake tambayar ruwa mafi yawa da zai iya sauka a wuri cikin yini guda, ko da ba a taɓa ganin irinsa ba. A 1961 David Hershfield na Amurka ya fito da wata hanya: a tattara ruwa mafi yawa na yini guda a kowace shekara, a fitar da matsakaicinsa, sannan a ƙara masa ninki 15 na ma'aunin saɓanin da ke tsakanin shekarun. A Fezzan ma'aunan ruwa kaɗan ne, shekaru da dama kuma babu abin rubutawa, don haka lissafin na iya yaudara. Sai masana su ɗauko babban hadarin da ya sauka a yanki mai kama da nan, su auna ɓarnarsa da a ce nan ya faɗo.

Darna ta nuna tsadar kuskure. A Satumba na 2023 guguwar Daniel ta zubar da milimita 414 a Baida cikin yini guda, madatsun Darna biyu da aka gina a shekarun 1970 suka ɓalle, dubban mutane suka halaka cikin dare.

Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa. Ranar da ake zana magudanar Sabha ce ranar da ya kamata a lissafa mamako, ko da rana na ƙuna a waje.