Faifan Wasan Ƙarshe

A daren Laraba, 7 ga Fabrairu, 2024, lokacin da mai tsaron ragar Nijeriya, Stanley Nwabali, ya kaɗe ƙwallo biyu na Afirka ta Kudu a bugun daga kai sai mai tsaron gida, wata dattijuwa a unguwar Mabera ta birnin Sakkwato tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da carbi a hannu. Jikanta take jira, maraya ɗan shekara goma sha biyar wanda babban ɗanta ya rasu ya bari. Tun bayan la'asar ya tafi gidan kallo, magariba ta wuce, isha'i ta wuce, bai dawo ba sai da dare ya yi nisa, muryarsa a dishe, gwiwarsa da ƙujewa saboda ya faɗi daga babur a cikin ayarin masu murna. Baffansa, wanda shi ne maigida, ya yanke hukunci nan take: ranar Lahadi, da za a yi wasan ƙarshe da Kwaddibuwa a Abijan, yaron ba zai taka ƙofar gida ba.

Inna, kamar yadda kowa ke kiranta, ba ta taɓa kallon wasan ƙwallon ƙafa daga farko zuwa ƙarshe ba. Amma ta san abu biyu. Ta san ƙarfe tara na dare za a fara wasan, don haka hanin baffan yana bisa hanya. Ta kuma san yaron da aka kulle a irin wannan dare ko dai ya haura katanga, ko ya kwana da ƙullin da zai daɗe bai warware ba. Da safe ta kira ɗanta ta ce a fito da talabijin zaure, a aro janareta wurin maƙwabci, yaron ya gayyato abokansa, abinci kuma nata ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ko kwalba ɗaya ta mai sai an yi shawara, amma maganar uwa ce, sai ya ce to.

Daga nan ta juya kan jikan da irin wasan da ke tsakanin kaka da jika. "Maigidana," in ji ta, "tun da baƙi za ka yi, mi kaka so in ƙawata maka wuri da shi?" Shi yaron abin da ya saba gani a waya ya kwatanta mata: teburi, da ƙwallon roba a tsakiya, da ƙananan tutoci. Inna ta saurara har ya gama. A gidan babu teburin cin abinci; tabarma ake shimfiɗawa, a ajiye ƙwarya ko akushi a tsakiya, a kewaye shi. Abin da ido ke fara sauka a kansa a wannan tsakiyar kuwa shi ne faifan da aka rufe abinci da shi. Don haka ta ce faifai za ta saƙa.

Ta yi shekaru ba ta yi saƙar ba. Kuloli da murafan roba sun karɓe aikin rufe abinci, fayafayan da ta shigo da su gidan miji suna rataye a bango, ƙura ta dusashe launinsu. Yaron ya nemi ta saƙa masa gaggafa, tambarin 'yan wasan ƙasa. Ta ce: "Ba ni saƙa abu mai rai." Suka daidaita a kan ƙwallo a cibiya, sannan zobe uku a kewaye da ita: kore, fari, kore, launin tutar da aka fara ɗagawa ranar 1 ga Oktoba, 1960. Ita dai ba ta ce kore ba ko sau ɗaya, tsanwa take cewa, kamar yadda ta ji a bakin uwarta.

Ranar Alhamis aka aiki yaron kasuwa ya sawo kaba da galura baƙa da tsanwa. Ta tsaga kabar siri-siri, ta tafasa ruwa ta rina kashi biyu, ta bar kashi ɗaya da farinsa. Iskar hunturu tana busar da kaba kafin a kai ƙarshen sili, sai ta karye, shi ya sa ta ajiye ƙwaryar ruwa a gefenta tana tsomawa. Saƙar faifai daga cibiya take farawa: a naɗe ɗaurin ciyawa, a riƙa zagaya shi da kaba, ana huda zagayen baya da basilla ana ɗinke sabo a jikinsa. Kowane zane lissafi ne, ɗinki kaza baƙi, ɗinki kaza fari, kuma ƙidayar tana ƙaruwa a duk zagaye saboda da'irar tana faɗaɗa.

A nan ƙwallo ta ba ta wahala. Siffar da duniya ta sani, mai baƙi da fari, ta shahara ne ta hanyar Telstar, ƙwallon da kamfanin Adidas ya yi wa gasar cin kofin duniya ta 1970 a Mekziko: gutsuren fata 32, baƙaƙe 12 masu kusurwa biyar, farare 20 masu kusurwa shida, tsarin da ya sa masu talabijin marar launi suka riƙa hango ta sosai. Hannun Inna kuwa ya saba da zanen da ke rabuwa huɗu ko takwas. Abin da ta fara fitarwa ranar Juma'a kusurwa huɗu gare shi. Jikan ya duba ya ce, cikin ladabi, wannan ai dara ce. Ta yi dariya, ta warware aikin yini guda. Shi ya zauna ya zana mata siffar a ƙasa da tsinke, ya raba da'ira gida biyar, yana ƙirga mata ɗinki da ƙarfi tana saƙawa. Tun rasuwar mahaifinsa ba a ga ya zauna wuri ɗaya tsawon haka ba.

Masu nazarin harshe sun san tafiyar da wannan kalma ta yi. Da garmaho ya zo, Bahaushe ya dubi baƙin abin nan mai kewaye da layuka ya kira shi faifai. Daga baya aka sami faifan sidi, yau ga faifan bidiyo, wanda ba shi da da'ira ko kaɗan. Sunan ya bi zamani ya bar mai sunan a bango. Jikan Inna yana furta kalmar sau da yawa a yini, amma sai a wannan mako ya ga yadda ake yin na asali, ya kuma gane cewa tsohuwar da ba ta iya rubuta lamba ba tana riƙe da lissafin zagaye talatin a kanta.

An ɗaure bakin faifan da la'asar ɗin Lahadi, 11 ga wata. Kusurwoyin ba su yi kaifi ba, ɗaya ma ta ɗan karkace, amma duk wanda ya gani ƙwallo zai ce. Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka ajiye babbar ƙwaryar fura da nono a tsakiya, faifan a kanta, ga ludduna, ga gyaɗa da dabino a tsofaffin fayafayan da aka sauke aka kakkaɓe. Yara goma sha ɗaya suka zo. Kafin a taɓa furar sai da suka ɗauki hoton murfinta. Baffan da ya ce leƙowa kawai zai yi, shi ya fi kowa matsawa kusa da talabijin.

Inna ba ta shiga zauren ba. Tana tsakar gida a kan buzunta, kunne ke ba ta labari. Da William Troost-Ekong ya jefa ƙwallo da ka kafin hutun rabin lokaci, sai ta ji Mabera ta ɗauka gaba ɗaya, daga wannan lungu zuwa wancan. Da Franck Kessié ya farke, ta ji salati. Da Sébastien Haller ya ƙara ta biyu, ba ta ji komai ba sai ƙugin janareta. Kofin da Nijeriya ta ɗauka a 1980 da 1994 da 2013 ya tsaya a Abijan.

Bayan abokan sun watse, jikan ya shigo da ƙwaryar wayam, faifan a hammata, idanunsa jajur. Ya durƙusa ya ce: "Inna, an cinye mu." Ta ce: "Na jiya. Kun dai sha hura?" Ya ce sun sha. Ta karɓi ƙwaryar, ta miƙa hannu ga faifan, sai ya ɗan ja da baya, ya tambaya ko kabar da ta rage za ta isa ya gwada ƙarami da kansa. Ta ce ya je ya kwanta, gobe bayan makaranta ya jiƙa ta.