Alƙalan Fim na Yalwan Damai

A zamanin da kaset ke tashe, fim ba ya iso mana Yalwan Damai sai ya gaji da yawo. Daga Ƙofar Wambai ko Bata a Kano yake fitowa, ya biyo motar Wudil ya sauka Birnin Kudu, masu bayar da haya su ci kasuwarsa har hoton ya fara rawa, sannan wani ɗan acaɓa ya sako shi a aljihu ya kawo mana. Saboda haka duk abin da muke kira sabon fim, a Kano an yi yayinsa an wuce. Wannan bai dami kowa ba. Damuwarmu ita ce man janareta, da kan bidiyo mai yawan cin datti, wanda sai an tsayar da kallo an buɗe an goge shi da farar takarda, mutane na ta tsaki a cikin duhu.

Gidan kallon namu zagayen zana ne, da bencina, da 'yar talabijin a kan tebur. Yara a ƙasa kan buhu, samari a benci, magidanta kuwa can baya, wai su leƙowa kawai suka yi. Mata ba sa zuwa. Nasu kallon sai ranar biki ko suna, in an ɗauko hayar kayan an kafa a tsakar gida.

Amma kallon rabin aiki ne. Sauran rabin sai gari ya waye, a teburin mai shayi, ko a inuwar da ake zaman jiran la'asar, ko wurin sussuka da surfe. A nan ake zaunar da fim a yi masa shari'a. Na daɗe ina karanta masu sharhin fim a jarida, kuma har yau ina ganin kaɗan ne daga cikinsu suka kai mutanen nan kaifin ido, duk da yawancinsu ko sunan darakta ba su damu da sani ba. Ba ruwansu da kyamara ko haske. Tambayarsu ɗaya ce: haka ake yi?

Sangaya, fim ɗin kamfanin Sarauniya na 1999, shi ne ya fara raba mana majalisa biyu. Samari sun mutu a kan Fati Muhammad, wadda ta fito a Zubaina, kuma babu yaron da bai iya waƙar fim ɗin ba, har masu kiwo a bayan gari. Wani kawuna da ya taɓa zama a ƙofar hakimi shi ne ya zuba wa abin ruwa. Ya kurɓi shayi ya ce, “Ali Nuhun nan yaro ne mai kyau, ban ƙi ba. Amma ɗan sarki ya miƙe yana rawa da ƙafarsa? To makaɗan fada aikin me suke yi? Shi ɗan sarki zama yake, a yi masa.” Wani saurayi ya ce, “Kawu, ai fim ne.” Ya ce, “Na san fim ne. Ƙaryar ma ai tana da ƙa'ida.” Aka kwashe da dariya, amma babu wanda ya iya ba shi amsa. Daren da aka maimaita fim ɗin kuma, sai ga Kawu a bencinsa na baya.

Inda suka fi tsanani shi ne duk sa'ad da 'yan fim suka ce za su nuna ƙauye. A nan babu sassauci, don an shigo gonarsu. Akwai wani fim da jarumin ya saɓa fartanya ya ce wa mahaifiyarsa zai tafi noman farko, sai aka nuno shi a tsakiyar gero da ya riga ya fitar da kai har ya yi bununi. Gidan kallo ya kaure da ihu. Wani dattijo ya ce in dai haka yaron nan yake noma, gara a kai shi birni ya sayar da rake. Sati guda ana wannan zance, duk wanda ya makara zuwa gona sai a tambaye shi ko shi ma jiran bununi yake.

Mata kuma da kunne suke kama ɓarawo. Ranar wani suna a gidanmu aka sa fim, aka nuno wata jaruma tana daka, ta sha jan baki da gazal. Goggona ko ɗaga kai ba ta yi daga tankaɗen da take ba, ta ce, “Turmin nan babu komai a ciki.” Aka ce ta yaya ta sani. Ta ce, “Ba ku ji ƙarar ba? Itace ke dukan itace. Kuma ku dubi inda ta riƙe taɓarya, wannan in ta yi luguden kirki sai ta fasa haɓarta.” Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne 'yar ƙauyen fim: a ɗiga mata baƙin kwalli a fuska har kumatu, a ɗaura mata zani a karkace, a sa ta tana magana kamar wadda ba ta da hankali. Yayata ta taɓa cewa, “Su waɗannan a wane ƙauyen suke samo su? Mu dai ba mu san su ba.” Ina jin da masu shirya fim na Kano sun zauna a tsakar gidan nan yini ɗaya, da sun rage wannan raini.

Wasila, na shekarar 2000, wata irin ƙura ya tayar. Labarin matar aure ce da ta ci amanar mijinta, Ali Nuhu ne mijin, Wasila Isma'il ce matar. A teburin mai shayi hukunci bai ɗauki lokaci ba, kowa ya ce maganinta ke nan. A cikin gida sai na tarar da wata shari'ar daban. Ba wadda ta wanke Wasila, amma Goggo ta dube ni ta ce, “Ku maza kun iya alƙalanci in mace ce a gurfane. Fim nawa aka yi miji ya wulaƙanta matarsa ya kwaso wata? Can sai na ji kuna cewa ƙaddara ce.” Na koma majalisa da wannan magana, aka ce in bar kawo musu zancen mata.

Akwai kuma tsofaffin 'yan cirani, waɗanda suka yi dako ko ga-ruwa a Kano suka san gidajen silima na Plaza da Eldorado da Orion. Su Indiya suka sani, kuma da sunan da Hausawa suka raɗa wa jaruman suke kiransu: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Aikinsu a majalisa kama wankiyar da aka yi daga fim ɗin Indiya. Fim bai kai rabi ba za ka ji ɗayansu ya ce, “Wannan na gan shi tun ana sisi da kwabo. Yanzu uban zai kore shi, ku jira.” Uban kuwa ya kore shi. Haushinsu muke ji sosai, don suna kashe mana daɗin kallo, amma ba kasafai suke kuskure ba.

Mutum ɗaya ne ya tsallake duk wannan tankaɗe da rairaya: Rabilu Musa Ibro. Shi ɗan Ɗanlasan ne ta wajen Wudil, ya san yadda ake tsugunawa a gaida surukai, ya san yadda mai bashi ke sauya hanya in ya hango mai kanti. In ya yi wauta, wautar da muka sani ce, har a riƙa nuna wani a majalisa ana cewa ga Ibronmu nan. Malamin allonmu yana faɗa a kan fim ba dare ba rana, amma an sha kama shi yana danne dariya in almajirai na kwaikwayon Ibro a bayan zaure. Da labarin rasuwarsa ya zo a Disambar 2014, mutane sun riƙa yi wa juna gaisuwa a hanya.

Ba ranar aka fara irin wannan ba. Wata tsohuwa a unguwarmu ta tsani Shu'aibu Kumurci saboda fitowar mugu da yake yi, in ya bayyana a talabijin har tofar da yawu take. A 2003 amaryarsa, jaruma Balaraba Muhammad, ta rasu a haɗarin mota a hanyar kai ta ɗakinta. Da aka gaya wa tsohuwar nan, sai ta yi salati ta ce, “Ashe yaron nan mutum ne. Allah ya ba shi haƙuri.” Daga ranar ba a ƙara jin ta zage shi ba. Haka musun da aka daɗe ana yi na wa ya fi iya fitowa a masoyi tsakanin Ali Nuhu da Ahmad S. Nuhu ya mutu a ranar 1 ga Janairun 2007, da Ahmad ya rasu a haɗarin mota a wajen Azare. Kowa ya bar wa mamaci.

Labarin abin da ke faruwa a masana'antar kuwa wani malamin firamare ne ke kawo mana. In ya je karɓar albashi Birnin Kudu sai ya sayo mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999, ya karanta wa majalisa da ƙarfi, ta zaga hannu har bangonta ya cire. A nan muka ji an kafa hukumar tace fina-finai a Kano a 2001, muka kuma bi rigimar da ta taso daga 2007 a zamanin shugaban hukumar Abubakar Rabo, lokacin da aka ɗaure Adam A. Zango, daga baya Ibro da Iyan-Tama. Dattawa suka ce gara haka, rawar ta yi yawa. Da aka zo kan Ibro sai suka ce a'a, wannan kuma zalunci ne.

Waya ce ta watsa gidan kallo. CD ya kori kaset, memori ya kori CD, mai gidan kallo ya sayi dish ya koma nuna ƙwallo, musun Arsenal da Chelsea ya gaje bencin. Fassarar Algaita ta sa Indiyawa suka koma jin Hausa, 'yan cirani suka rasa abin da suke taƙama da shi. Kowa ya koma kallo shi kaɗai da abin kunne, na ɗauka shari'ar fim ta ƙare ke nan.

Sai fina-finai masu dogon zango suka dawo da ita. Arewa24 ta buɗe a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, sannan a 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka fito. Da yake mako-mako ake sakinsu, kowa a wuri ɗaya yake tsayawa, ba wanda ya riga wani sanin ƙarshe, ko ɗan Kano. Kotun ta tashi daga teburin mai shayi ta koma shagon mai cajin waya, inda ake tura fim. A nan na tarar da 'yan Mahmud da 'yan Presido suna neman ba hammata iska a kan wanda ya dace da Sumayya a Labarina. Da Nafisa Abdullahi, mai fitowa a Sumayya, ta bar shirin a 2022 aka kawo Fati Washa a madadinta, wata ƙanwata ta yi rantsuwa ta daina kallo. Rantsuwar ba ta kai mako biyu ba.

Ƙorafin yanzu ya sauya. Yaran sun san ana jan labari ne don a tara masu kallo a YouTube, suna lissafin datar da aka cinye musu a gaisuwa da tafiyar mota. Na tambayi mai shagon wane fim ne ya fi karɓuwa a garin. Ya ce shi ba ya bin surutun bakin benci, don wanda ya fi kowa zagin fim shi ke fara zuwa a tura masa ci gaba. “Yaya, in memori ya cika aka kawo min in rage, a nan nake ganewa. Na bana duk cewa suke in goge. Amma in na kai hannu kan tsohon Ibro sai a ce kai, bar min wannan, goge hotunan bikin.”