Mu Ma Muna Karanta Littattafan Zane

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, hira ce a kan wani karatu da jama'a suke ɗauka wasan yara ne, wato littattafan zane, waɗanda ake ba da labari da hotuna, maganar kowa tana rubuce cikin ɗan da'ira a saman kansa.

Abin ba yau ya fara ba. Iyayenmu mata suna ba mu labarin mujallar African Film ta ƙarshen shekarun 1960, mai hotunan jarumi Lance Spearman da hularsa da ƙatuwar sigarinsa. Daga baya aka yi Ikebe Super, wadda Wale Adenuga ya fara a Legas a 1976, inda su Papa Ajasco suka fito. Gwaggona ta ce ita wannan a ƙarƙashin katifa yayyenta maza suke ɓoye ta, don akwai batsa a ciki. Ina jin tun daga nan ne manya suka yi wa duk littafin zane kuɗin goro.

Mu nan Unguwar Rimi mu bakwai ne, muna haɗuwa ran Asabar bayan an taso daga Islamiyya. Akwai masu zuwa daga Malali da Kawo da Unguwar Dosa. Kowace ta zo da abin da take karantawa, ta faɗi ra'ayinta, a yi musaya. Littattafan da tsada, shi ya sa in ɗaya ta samu, sai ya zaga hannu bakwai kafin ya koma gida. Dokarmu ɗaya ce: wadda ta ɗiga wa littafi manja ita za ta sayi data ta mako mai zuwa.

Wanda ya fi tayar mana da ƙura shi ne Aya, na Marguerite Abouet, 'yar ƙasar Kwaddibuwa, wanda ya fara fitowa da Faransanci a 2005, mu kuma fassarar Turanci muka samu. Labarin 'yammata uku ne a unguwar Yopougon ta birnin Abijan a ƙarshen shekarun 1970. Aya tana son ta zama likita, mahaifinta kuwa aure yake hango mata. Ƙawarta Adjoua ta yi ciki, aka ɗora wa ɗan wani mai kuɗi alhali ba nasa ba ne. Wallahi har magariba muna musu. Wata ta ce littafin bai dace da 'ya'yan Musulmi ba. Wata ta ce, "Haba ke kuwa, ai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kin ga inda rawar kai ta kai ta." Ni dai ra'ayina, littafin na manyan 'yammata ne, ban ba ƙannena 'yan aji ɗaya ba, amma na daɗe ban ga inda aka nuna halin uba da 'yarsa kamar nan ba. Fuskar Aya kaɗai in mahaifinta yana faɗa ta ishe ki, ni da nake marubuciya sai na cika shafi biyu kafin in bayyana wannan kallon.

Na biyu shi ne Malika, na Roye Okupe, ɗan Legas mazaunin Amurka, wanda ya fito a 2017. Sarauniya ce mayaƙiya a wata daula mai suna Azzaz, an kuma ɗauko ta ne daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Mun ji daɗi ƙwarai, amma wata 'yar Zariya a cikinmu ta yi tsaki ta ce, "Amina tamu, Turunku na nan kusa da mu, amma sai da Turanci za mu karanta ta?" Kowa ya yi shiru, don ta faɗi gaskiya.

Ƙananan cikinmu kuwa sun koma kan waya, suna bin labaran Koriya a Webtoon da na Japan da ake kira manga. Abin dariya, manga daga dama ake fara karanta shi zuwa hagu, mu da muka saba da allo ko a jikinmu. Sai dai ƙannena ku kula, ba duk abin da ke cikin waya ne na karantawa ba. In kin ga ba za ki iya buɗe shi gaban Yaya ko Umma ba, to rufe shi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ƙanwata 'yar shekara 14. Allah ya ba ta hannun zane. Kwanaki wata malama ta kama ta da littafin da take zana labarinta a ciki, ta yaga shi gaban 'yan aji, ta ce aikin banza ne. Kwana biyu yarinyar nan ba ta ci abincin kirki ba. Ban ce a yi zane ana tsakiyar darasi ba, wannan laifi ne, a hukunta. Amma yaga aikin wata uku ya yi yawa. Ita malamar ta manta Magana Jari Ce na Abubakar Imam da muke alfahari da shi, da hotuna a ciki, kuma su ne suka fara jan yawancinmu zuwa karatu.

Mu mata mun riƙe rubutun Hausa tun zamanin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa. Labari ba ya yi mana wuya, masu zane ne muka rasa, su kuwa suna nan cikin ajujuwa suna ɓoye takardunsu. Ni na ba ƙanwata babi ɗaya na sabon littafina, ta mayar da shi zane shafi 12 da Hausa tsantsa. Da Umma ta gani, sau biyu ta karanta, ta aika aka sayo mata fensira masu launi a Kasuwar Gumi.

Ke da kike zane a bayan littafin lissafi, gama aikin makaranta tukuna, sannan ki nemi ƙawarki mai iya tsara labari ku haɗa hannu. Ku rubuto mana abin da kuke karantawa da ra'ayinku a kai.