Auren 'yan ƙabilar Hmong da abin da ya riƙe su a baƙunta

Yau ina so mu leƙa gidan wasu mutane da ke nesa da mu ƙwarai, 'yan ƙabilar Hmong. Asalinsu duwatsun kudancin ƙasar Sin ne, daga nan suka bazu zuwa Lawos da Biyetnam da Tailan. Bayan yaƙin Lawos ya ƙare a 1975, da yawansu suka yi gudun hijira zuwa sansanonin Tailan, daga baya aka kwashe su zuwa Amurka da Faransa. Yau akwai fiye da 300,000 a Amurka, mafi yawa a Kalifoniya da Minesota da Wiskonsin. Sun bar gonaki da kaburburan kakanni a baya, amma sun tafi da tsarin aurensu.

Hmong sun kasu zuri'a 18, irin su Vang da Yang da Lee da Xiong, kuma namiji ba ya auren mace mai sunan zuri'arsa, ko da ba su taɓa haɗa kaka ba. Don haka kowane aure gada ce tsakanin zuri'a biyu. Samari da 'yan mata sukan ga juna a bikin sabuwar shekara, inda suke jeruwa sahu biyu suna jefa wa juna ƙwallon ƙyalle. Amma da zarar magana ta yi ƙarfi, ta fita daga hannunsu.

A nan ne masu shiga tsakani suke shigowa, waɗanda suke kira "mej koob". Kowane ɓangare yakan tsayar da mutum biyu. Na ango sukan je gidan amarya riƙe da baƙar lema da aka ɗaure da zirin ƙyalle, alamar cewa da maganar aure suka zo. Su ne ke daidaita kuɗin aure, wanda a da ake biya da sandunan azurfa, kuma ana ɗaukarsa godiya ce ga iyaye saboda nonon da aka shayar da abincin da aka ciyar. Abin da ya fi burge ni shi ne, kafin a ɗaura komai, sai an tono duk wata tsohuwar ɓaraka da ke tsakanin zuri'un biyu an sasanta ta, ko da ta girmi ango da amarya. Shi kuwa ango, da shi da abokinsa, sai sun durƙusa gaban dangin amarya ɗaya bayan ɗaya, har gwiwa ta gaji.

Idan amarya ta iso ƙofar gidan miji, wani dattijo yakan kewaya kanta da kaza mai rai. Bayan kwana uku a yi bikin shigar da ita cikin gidan, a ɗaura wa ma'auratan farin zare a wuyan hannu ana sa musu albarka. A aƙidarsu ta gargajiya, daga ranar ta bar inuwar kakannin ubanta ta koma ta kakannin mijinta.

Wannan aƙida tana da nauyi a kan mata. Idan aure ya mutu, macen takan rasa madafa, domin gidan ubanta ba ya iya karɓarta kamar da. Akwai kuma tsohuwar al'adar ɗauke yarinya da ƙarfi, wadda ta kai wani saurayi gaban kotu a Firesno a 1985. Su kansu matan Hmong da suka yi karatu suna ta fafutukar gyara waɗannan abubuwa, majalisun dattawansu a Amurka kuma sun yi ƙoƙarin ƙayyade kuɗin aure da ya yi tashin gwauron zabi.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu shiga tsakanin nan. Aikinsu ba ya ƙarewa ranar biki. Su ne shaidun abin da aka yi alkawari, kuma idan rikici ya taso bayan shekaru, su ake nema su faɗi yadda aka yi. A aikina na sakatare a nan kudu, ƙorafin aure da ke zuwa gabanmu yawancinsa iri ɗaya ne: an ɗaura aure cikin gaggawa, iyaye suna can arewa, wakilin da aka tsayar kuwa aron sa aka yi da safe a ƙofar masallaci. Ranar da aka sami saɓani, ba wanda ya san gidan ango, ba wanda zai tsawata masa, yarinya ta rasa mai tsaya mata.

Muna da waliyyi da wakili da shaidu tun fil azal, ba sai mun aro daga kowa ba. Abin da ya rage shi ne mu riƙa tsayar da mutanen da suka san dangin biyu, waɗanda za a iya buga musu waya bayan shekara goma su zo su zauna. Kafin a fara lissafin akwatunan lefe, a fara tambayar wa zai tsaya wa auren nan.

Allah Ya zaunar da 'ya'yanmu lafiya a ɗakunansu, amin.