Shekarar Da Na Ɗaura Gaba Da Mai

Yau dai kaina zan tona wa asiri, ko Allah zai sa wata ta tsira daga abin da na jawo wa kaina da hannuna.

Shekarata biyu da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba, sai ga jiki ya fara buɗewa. Ran nan a gidan suna wata 'yar uwar maigidana ta dube ni sama da ƙasa a gaban mutane ta ce, "Amarya, ai kitse ne ya rufe miki mahaifa." Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙen da ya fi kuka ciwo. Da na dawo gida na kulle ɗaki na ci kukana na ƙoshi, daga daren nan kuwa na ɗaura gaba da mai.

Miyar maigida daban nake yi da manta, tawa kuwa tsululu, ko ɗigo babu. Na daina cin ƙwai da gyaɗa da kifi. Man shanun da Innata take aiko mini daga ƙauye kyautar da shi nake yi. Abincin ma na yanke, da safe ruwan shayi, da rana 'yar loma biyu, da dare in kwanta haka nan. Cikin wata huɗu zanina ya fara zamewa daga ƙugu, ƙawaye sai yaba ni suke. Amma ni na san halin da nake ciki. Fatata ta bushe kamar ana hunturu alhali damina ce, gashina yana bin mataji, kullum ina jin sanyi, abu kaɗan sai in hau maigida da faɗa.

Sai al'adata ta ɗauke. Wata ɗaya, wata biyu. Wayyo murna! Na raɗa wa maigida, shi kuma bakinsa bai riƙe ba ya sanar da Hajiyarsa. A wata na uku muka tafi asibiti, aka yi gwaji, aka sake, aka ce babu komai a cikina. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Likitar mace ce, dattijuwa. Bayan ta gama sauran gwaje-gwajenta sai ta ce, "Ƙanwata, gaya mini abin da kika ci jiya, tun daga safe har dare." Da na lissafa mata ta ajiye biro ta ce, "Yunwa kika sa wa kanki, jikinki kuma ya rufe shago."

Ga bayanin da ta yi mini, da abin da na ƙara karantawa daga baya. A jikinmu akwai wasu sinadarai da ake kira homon, 'yan aike ne da suke bin jini suna kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan. Biyu daga ciki, istirojin da firojestaron, su ne ke tsara al'ada da shirya mahaifa don ɗaukar ciki. Jiki yana ƙera su ne daga kolestarol, wani abu mai maiƙo da muka saba jin ana zaginsa. Mafi yawan kolestarol ɗin jiki ne ke haɗa abinsa, musamman hanta, don haka ba sai kin yi ta ɗura kitse ba. Ni tawa matsalar ta fi ta nan. Kitsen da ke jikinmu yana fitar da wani homon mai suna leftin, wanda aka gano a Amurka a shekarar 1994, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. Idan abinci ya yi ƙasa sosai leftin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta dakatar da umarnin sakin ƙwai, kamar magidancin da ya leƙa rumbu ya ga babu hatsi ya ce a ɗaga biki. Kin ga ni da nake neman haihuwa, ni na rufe ƙofarta.

Ta kuma ce bitamin huɗu, A da D da E da K, hanji ba ya tsotsarsu yadda ya kamata sai da maiƙo. Ashe iyayenmu da suke kwaɗa zogale da ƙuli da ɗan mai sun san abin da suke yi. Akwai kuma nau'in mai biyu, omega-3 da omega-6, waɗanda jiki ba ya iya haɗa su ko kaɗan, sai daga abinci. Ana samun na farko a kifi mai maiƙo irin su sadin da taitus, na biyu kuma a gyaɗa da riɗi da agushi da waken suya.

To amma 'yar uwa, kada ki ce na ce a yi wanka da mai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na tuwo ko shinkafa irin garin da ke cikinsu kalori 4, shi ya sa kaɗan yake isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da babba yake samu daga abinci a rana, mai daskarewa kuma irin su kitsen nama da man shanu ya tsaya ƙasa da kashi 10. Man gyaɗa da man riɗi su ne na yau da kullum, man shanu ɗan cokali don ƙamshi. Manja yana da abin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, amma idan kika soya shi har ya yi fari yana hayaƙi kin ƙone amfanin. Man da aka soya ƙosai da shi yau, gobe, jibi har ya yi baƙi, zubar da shi ya fi.

Maganar waccan baiwar Allah kuwa, kitse ba ya toshe mahaifa kamar marfin kwalba. Sai dai ƙibar da ta wuce kima ita ma tana rikita al'ada, domin kitsen jiki yana samar da istirojin, idan ya yi yawa lissafi ya ɓaci. Mai irin wannan ƙibar a hankali ake rage ta, da tafiya da rage zaƙi, a kan shawarar likita. Sannan ɗaukewar al'ada tana da wasu dalilan da ba ruwansu da abinci, rashin haihuwa kuma yana iya zama daga wajen namiji, don haka asibiti ake zuwa, kuma tare ake zuwa.

Na koma cin abinci sau uku, da ɗan maina a miya, da dafaffen ƙwai, da kifi in an samu hali. Ban ji daɗin ganin ƙuguna yana dawowa ba, ba zan ɓoye miki ba. A wata na biyar al'ada ta dawo, na zauna ina hawayen murna a kan abin da a da yake sa ni kukan baƙin ciki. Bayan shekara ɗaya da rabi Allah ya ba ni 'yata. Ban ce mai ne ya ba ni ita ba, amma na san da na ci gaba da waccan yunwar da ban san inda zan tsaya ba.

Yanzu in na ga amarya tana tsame mai daga miyarta don wata ta yi mata gori, sai in ja ta gefe in tambaye ta abin da likitar nan ta tambaye ni: me kika ci jiya? Ke ma ki tambayi kanki yau kafin ki ɗora tukunya.