Goɗiyata da ingarman Arewa

Ƴan'uwa manoma, ni mutumin ƙasar Gobir ne. Ƙauyenmu bai da nisa da Tsibiri. Labarin dawakina zan ba ku, har da kuskuren da na yi.

Da babana ya rasu, ya bar mini goɗiya guda. Irin dawakinmu na gida ce, gajera, ba ta da kyan gani. Amma ba ta san gajiya ba. Farin 1984 ya kashe dabbobi da yawa a garinmu. Ita kuwa ta ci kara, ta ci tsohuwar ciyawar rufin ɗaki, ta rayu.

Duk da haka ina jin kunyarta. Ran hawan salla a Tsibiri abokaina sunka ce mini: "Kai, bisa jaki ka zo?" Maganar ta tsaya mini a rai.

A 1986 wani mai fataucin dabbobi ya zo da ingarma daga Arewa, wajen Dogon Dutsi. Dogo ne, mai faɗin ƙirji, mai dogayen ƙafafu. Na ce sai na kai goɗiyata baye wurinshi. Mai shi ya nemi dami 3 na hatsi. Mai ɗakina ta ce rumbu bai cika ba, kuma gaskiyarta. Na biya dai.

Baffana, wanda ya tsufa cikin dawaki, bai hana ni ba. Abu ɗaya ya ce: "Yaro, ka ƙidaya wata. Goɗiya wata 11 take yi da ciki. Kai ta cikin watan 8, ta haihu cikin watan 7, lokacin ɗanyar ciyawa." Ya ƙara da cewa in ba ta ɗauka ba, bayan kamar kwana 21 za ta sake neman namiji, sai in maida ta. Haka anka yi, sai a karo na biyu ta ɗauka.

Damina na kamawa ta haifi duƙushi namiji. Bai daɗe ba ya miƙe, ya kama nono. Wannan nono na farko kada a hana ma duƙushi shi, shi ke tsare shi daga cuta. Ya ɗauko tsawon ubanshi, ya ɗauko ƙarfin kofaton uwa. Duk wanda ya wuce turke sai ya tsaya kallo.

Nan ne gaggawa ta ci ni. Yana shekara 2 na ga ya fi uwarshi tsayi, na ɗaura mishi sirdi. Na yi ta sukuwa da shi, ina kai shi kasuwa da buhu a baya. Baffa ya ce: "Tsawo ba ƙwari ba ne, ƙashinshi bai nuna ba." Ban ji ba. Kafin shekara bayanshi ya lotsa, ƙafar gaba ta kumbura. Likitan dabbobi ya duba, ya ce magani ba ya gyara wannan. Na saida shi da araha. Har yau ba na son tuna ranar.

Haihuwa ta biyu mace ce, ɗiyar ingarman nan dai. Ita na yi mata haƙuri. Na yaye ta bayan wata 6. Na saba mata da ragama tun tana ƙarama, ina jan ta zuwa rijiya. Sai da ta wuce shekara 3 na sa mata linzami da sirdi, kuma tafiya kaɗan kaɗan. Tana shekara 4 ta fara jan amalanke. Ta kai taki gona, ta kwaso dammuna, ran salla kuma na hau ta ba wanda ya yi dariya. Da dare guda ta kai mai ɗakina gidan likita tana naƙuda. Ban taɓa samun dabba kamarta ba.

Sai kwaɗayi ya sake kama ni. Na ce in rabin jini ya yi kyau haka, ƙari zai fi. Na kai ta wurin wani babban ingarma. Ɗan da ta haifa ya fi kowa girma, amma jinin kakarshi ya ragu a jikinshi. Harawa da dusa ba su isar shi. Kullum sai tiya guda ta dawa, ga kanwa, in ba haka ba ya rame. Da bazara, rumbu ya yi ƙasa, ni da shi muna kallon hatsi ɗaya. Dokin sarki ne ya faɗo gidan talaka. Wani attajiri na Maraɗi ya saye shi, can ya dace.

Daga nan, in zan kai goɗiya baye, ba tsawo nake fara dubawa ba. Ina duba kofato da ƙafafu. Ina duba haƙora in san shekaru. Ina tambaya: mi yake ci da rani? Yana cizo ko harbi? Hali ma ana gadon shi. In goɗiyar ta cika jinin manya, sai in kai ta wurin dokin gida.

Yanzu samari sun koma ga babur, dawaki sun ragu a garinmu. Ni dai akwai goɗiya guda a turkena, jinin waccan gajerar ce. Cikin watan 8 na kai ta baye. Jikana ne ke riƙe da ƙidayar watanni, yana rubutawa a littafinshi na lakwal.